Amsoshin Takardunku: Wandon Shiga Ruwa a Turai, da Sunan da Kowace Al'umma Ke Kiran Kanta

  

Yau takardu biyu muka zaro daga cikin jaka. Ɗaya tana maganar wando, ɗaya kuma tana maganar harafin da ke manne a bayan mota. Da ji za ka ce ba abin da ya haɗa su, amma in ka bi mu har ƙarshe za ka ga duk maganar baƙunta ce, wato abin da ya kamata mutum ya sani kafin ya sa ƙafa a gidan wasu.

Takarda ta farko ta fito ne daga wani Alhaji mai sayar da hatsi a wata kasuwar ƙauye cikin jihar Maraɗi. Ya ce ɗansa yana karatu a Faransa. Wata rana yaron ya bi abokansa gidan ninkaya na gari, ya biya kuɗin shiga, ya sa wandonsa mai kaiwa gwiwa, sai mai gadin ruwa ya tare shi ya ce ba zai shiga da wannan wando ba, sai dai ya sa ɗan matsattsen kamfai irin nasu. Yaron ya ji kunya ya koma masaukinsa. Alhaji yana tambaya, shin don ɗansa baƙar fata ne kuma Musulmi aka yi masa haka? Ya ce in dai haka ne, gara ya kira shi ya dawo gida ya kama awo.

To Alhaji, mun gode da takardarka, kuma kada ka kira yaron nan tukuna. Dokar hana sakakken wando tana nan a yawancin gidajen ninkaya na hukuma a Faransa, kuma ta hau kan kowa. Bafaranshen da aka haifa a unguwar ma in ya zo da irin wandon nan komar da shi za a yi. Ingilishi da Amurkawa masu zuwa yawon buɗe ido sun daɗe suna ƙorafi a kanta, don su a garuruwansu da sakakken gajeren wando ake shiga ruwa ba mai cewa uffan. Kowace shekara sai an mayar da su daga bakin ruwa kamar yadda aka mayar da ɗanka.

Kafin ka gane dalili, sai ka san yadda wurin yake. Kwami ne aka gina da siminti aka lulluɓe shi da tayil, tsawonsa mita 25, wani kuma mita 50. Ruwan ciki ba gudu yake yi kamar na gulbi ba. Ruwa ɗaya ne inji ke ja, ya tace shi, a zuba masa magani, a sake mayar da shi, alhali ɗaruruwan mutane suna shiga suna fita daga safe har dare. Ka ɗauka babbar randa ce ta unguwa wadda kowa ke tsoma jikinsa. Duk abin da mutum ɗaya ya shigo da shi, na kowa ne.

Maganin da suke zubawa sunansa kulorin, shi ne dai wanda ake sa wa ruwan famfo don ya kashe ƙwayoyin cuta. To shi kulorin in ya haɗu da gumi da fitsari da dauɗar jiki sai ya rikiɗe ya zama wani abu mai wari, mai sa ido ya yi ja, mai shaƙe masu asma. Warin nan mai ƙarfi da ake ji a wasu gidajen ninkaya, wanda mutane ke ɗauka alamar tsabta ce, alamar an shigo da dauɗa da yawa ce. Saboda haka masu kula da wurin suke so kowa ya shiga ruwa da tsabtataccen jiki da kayan da ba a yi komai da su ba sai ninkaya.

Hujjar Faransawa ke nan a kan wando. Sun ce sakakken gajeren wando kayan yawo ne. Yaro zai wuni da shi a titi, ya buga ƙwallo, ya zauna a ƙasa, ya hau bas, sa'an nan ya faɗa ruwa da shi, ga ƙura ga yashi ga tarkace a aljihu. Mai gadi ba shi da yadda zai gane wanda ya zo da wankakke da wanda ya wuni da nasa. Amma matsattsen kamfan nan ba mai yawo da shi a kasuwa, in an ga mutum da shi an san yanzu ya sa. Shi ya sa a bakin ƙofar wurare da yawa za ka tarar da wata na'ura, ka jefa mata kuɗi ta sako maka kamfai sabo ko hular roba. Ita hular, dalilinta gashi ne, don gashi yana toshe injin tace ruwa. A Italiya da ƙasar Sin ma yawancin gidajen ninkaya ba sa barin mutum ya shiga kai ba hula. Haka kuma a Faransa sai ka watsa ruwa a shawa, ka taka ta cikin wani ɗan kwami mai ruwan magani don wanke ƙafa, kafin ka isa babban ruwan.

Akwai kuma dalilin tsira da rai. Yadin auduga in ya jiƙe nauyi yake yi, ya nannaɗe ƙafa, ya ja mutum ƙasa. Ku mutanen bakin gulbi ba sai an gaya muku ba, kun san abin da babbar riga ko zani ke yi wa mutum ranar da kwale-kwale ya kife. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 kaɗai mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a duniya, kuma yara da matasa suna da yawa a ciki. Wannan ne ya sa ƙasashen Turai da dama suka sa koyon iyo cikin darussan makaranta.

Yanzu, Alhaji, mun san abin da ke ranka, wato maganar al'aura. Namiji Musulmi yana son ya rufe daga cibiya zuwa gwiwa, ɗan kamfan Faransawa kuwa bai kai ko'ina ba. To akwai mafita. Ana ɗinka wani wando na 'yan gasar ninkaya da irin yadin roban nan mai santsi, yana kama jiki amma yana sauka har gwiwa. Wurare da yawa suna karɓar sa, don shi ma ba kayan yawo ba ne, wasu kuma ba sa karɓa. Kowane gidan ninkaya yana da takardar dokokinsa manne a bakin ƙofa, sau da yawa har da zanen wandon da aka yarda da shi da wanda aka hana. Ka gaya wa ɗanka ya je ya karanta, ko ya nuna wa mai sayar da tikiti wandon kafin ya biya kuɗi. In wannan gida ya ƙi, ya gwada na wata unguwa. In kuma hankalinsa bai kwanta ba, ba wanda zai tilasta wa ɗalibin jami'a shiga ruwa, ya bar musu abinsu ya riƙe karatunsa.

Sai dai ba za mu rufe ka ba, Alhaji, akwai inda siyasa da addini suka shiga maganar tufafin ruwa a Faransa, kuma a kan mata abin ya fi faɗawa. A shekarar 2004 wata mata 'yar asalin Labanan mazauniyar Ostareliya, Aheda Zanetti, ta ƙirƙiro wata rigar ninkaya mai rufe jikin mace duka, ban da fuska da tafin hannu da ƙafa, kuma da yadin ninkaya aka yi ta. Ana kiranta burkini. Mata Musulmi suka karɓe ta hannu bibbiyu, har da waɗanda ba Musulmi ba masu gudun zafin rana.

A ranar 14 ga Yulin 2016 wani mutum ya tuƙa babbar mota cikin taron jama'a a birnin Nis na Faransa ya kashe mutum 86. Cikin makonnin da suka biyo baya, garuruwa wajen 30 na bakin teku suka hana sa burkini a gaɓar ruwa, har ana cin mata tara. Sai dai a ranar 26 ga Agusta na wannan shekara babbar kotun da ke duba ayyukan hukuma a Faransa ta dakatar da dokar ɗaya daga cikin garuruwan, ta ce magajin gari ba shi da ikon tauye 'yancin mutane ba tare da ya nuna wata fitina ta zahiri da rigar ke jawowa ba. Wannan a bakin teku ke nan, inda ruwa na Allah ne.

A gidan ninkaya na hukuma kuwa hukuncin ya sha bamban. A watan Mayun 2022 majalisar birnin Girenobul ta gyara dokarta yadda mata za su iya shiga da burkini, amma a watan Yuni kotun nan dai ta tabbatar da dakatar da gyaran. Ta ce an yi shi ne don biyan buƙatar addinin wani ɓangare, alhali doka ɗaya ya kamata ta hau kan duk masu amfani da kayan hukuma. Tun shekarar 1905 Faransa ta raba addini da gwamnati, kuma tana riƙe da wannan da ƙarfi fiye da maƙwabtanta. Masu sukar hukuncin, cikinsu har da Faransawa da ba Musulmi ba, suna cewa ƙarshensa dai an hana wasu mata shiga ruwan da da harajinsu aka gina shi. Har yau ba a gama wannan gardama ba.

In ka tsallaka iyaka sai ka tarar da wata al'ada. A Jamus, a shekarar 2013, wata babbar kotun tarayya da ke birnin Laifzig ta yanke cewa ɗaliba Musulma ba za ta ƙaurace wa darasin iyo na makaranta ba, tun da za ta iya sa burkini. A watan Janairun 2017 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta goyi bayan hukumomin birnin Bazel na Suwizalan, waɗanda suka ci wasu iyaye tarar faran 1,400 na kuɗin ƙasar don sun hana 'ya'yansu mata zuwa darasin iyo, ga shi makarantar ta yarda su sa burkini. Ka ga rigar da ake hanawa a can, ita ake miƙo wa iyaye a nan a ce ga mafita. A Ingila kuma, a birane masu yawan Musulmi kamar Bamingam da Landan, gidajen ninkaya da dama suna ware sa'o'i na mata zalla. A ɗaya gefen, birnin Balin ya sanar a watan Maris na 2023 cewa mace ma tana iya shiga ruwa ba ta rufe ƙirji ba. Duk wanda zai kai iyalinsa irin wurin nan ya kamata ya san da wannan tun kafin ya tashi.

Wasu ƙasashen kuma ba tufafi ne damuwarsu ba, jiki ne. A tsibirin Aislan, can arewacin Turai, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa, dole mutum ya tuɓe sarai ya yi wanka da sabulu kafin ya sa kayan ninkaya, maza ɓangarensu daban mata daban, har da hoto a bango mai nuna gaɓoɓin da za a cuɗa. A Japan, gidajen wanka da na ninkaya da yawa ba sa karɓar mai zanen tawada a jiki, irin wanda ake yi da allura, don a can an daɗe ana danganta zanen da 'yan daba masu ƙungiya. Kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi. Abin da muke so ka riƙe, Alhaji, shi ne maganar wandon ɗanka maganar tsabtar ruwa ce, ba ta kai a katse wa yaro karatu ba.

Takarda ta biyu ta zo ne daga wani manomi kuma direba a karkarar Jibiya. Ya ce ya sayi mota 'yar Kwatano, ya tarar da harafin D manne a bayanta, aka ce masa daga Jamus take. Maƙwabcinsa kuma tasa CH ke jiki, aka ce daga Suwizalan take. Ya ce shi dai ya yi yaƙi da jahilci, ya san Jamus da J take farawa, ko da Turanci ma G ce, to ina D ta fito? Kuma shin mutanen nan da muke ce wa Jamusawa, haka suke kiran kansu?

Malam, ka yi tambaya mai kyau. Ba haka suke kiran kansu ba. Ƙasarsu Deutschland suke ce mata, ana furta shi kamar Doicland, ka ji inda D ta fito. Kalmar ta samo asali ne daga wata tsohuwar kalmarsu mai nufin jama'a, wato harshen mutanen gari. Amma kusan kowane maƙwabci da sunan da ya laƙaba musu. Faransawa suna ce wa ƙasar Allemagne, da sunan wata ƙabila da ta zauna kusa da su a zamanin da, daga nan Larabawa suka sami Almaniya. Mutanen Finlan suna cewa Saksa, da sunan wata ƙabilar daban. Mutanen Folan kuwa Niemcy suke cewa, daga kalmar da ke nufin bebe, wato waɗanda ba sa iya magana, don kawai ba sa jin yarensu.

Kada ka yi dariya, Malam, don abin ba baƙo ba ne gare mu. Larabawan da suna kiran wanda Larabci bai zauna a bakinsa ba Ajam, daga nan muka sami sunan rubutunmu na ajami. Mu ma in mutum yana karya Hausa sai mu ce yana gwaranci. Mutanen da muke ce wa Gwarawa kuwa Gbagyi suke kiran kansu, kuma da yawansu sun fi son a kira su da haka. Za mu dawo kan wannan.

Ita kuwa CH, Suwizalan ƙasa ce mai harsunan hukuma huɗu, Jamusanci da Faransanci da Italiyanci da wani ƙarami da ake kira Romanshi, kowanne da yadda yake faɗin sunan ƙasar. Don kada a ce an fifita wani, sai suka koma tsohon harshen Latin suka ɗauko Confoederatio Helvetica, wato tarayyar Helbetiya. Shi ya sa in wasiƙa ta zo daga can za ka ga Helvetia a jikin kan sarkin. Motar da ke ɗauke da E daga Sifen take, don su España suke cewa. Ta Nijar kuwa RN ce, harufan farko na Jamhuriyar Nijar da Faransanci.

In ka ga NL, daga ƙasar da muke ce wa Holan take. Su Nederland suke cewa, wato ƙasar kwari, don wani babban sashe nata ya fi teku ƙasa, sai da ganuwa ake tare ruwa. Holan sunan larduna biyu ne kawai cikin 12, sai dai a nan manyan biranen kasuwanci kamar Amstadam da Rotadam suke, shi ya sa sunan ya rufe sauran. Kamar a kira duk ƙasar Hausa Kano ne, ka san Bakatsine da Basakkwace ba za su yi shiru ba. Tun shekarar 2020 gwamnatinsu ta daina amfani da Holan wajen tallata ƙasar a waje. Kuma ga abin mamaki ga masu sayar da yadi, atamfar nan ta kamfanin Vlisco da mata ke ce wa 'yar Holan, a garin Helmond ake buga ta, wanda ba ya cikin lardunan Holan ɗin ko ɗaya.

Irin wannan ruɗani ne ke tsakanin Ingila da Birtaniya. Ingila yanki ɗaya ce cikin huɗu, sauran su ne Sikotilan da Wales da Ailan ta Arewa. Masu kallon ƙwallo sun san kowanne da ƙungiyarsa. In ka ce wa mutumin Sikotilan Ba'ingilishe, zai gyara maka nan take. Mutanen Wales kuwa Cymry suke kiran kansu da yarensu, ma'anarsa 'yan ƙasa ɗaya, sunan Wales ɗin kuma daga tsohuwar kalmar Ingilishi yake mai nufin baƙi. Ka ji mutum a gidan ubansa an raɗa masa suna baƙo.

Ku 'yan kasuwa masu sarin kaya, ƙasar da muke ce wa Sin, sunan da muka aro daga Larabawa, mutanenta Zhongguo suke ce mata, ana furta shi kamar Jung-gwo, wato ƙasar tsakiya. Harufan PRC da kuke gani a jikin kwali gajarta cikakken sunanta ne da Turanci, kada wani ya ce muku wata ƙasa ce daban. Japan kuma Nihon ko Nippon ce a bakin masu ita, wato mafitar rana. Indiya tana da suna biyu a tsarin mulkinta, Indiya da Bharat, kuma a taron manyan ƙasashe 20 da aka yi a birnin Delhi cikin Satumbar 2023, Bharat aka rubuta a allon da ke gaban Firayim Minista Narendra Modi. Girkawa Ellada suke ce wa ƙasarsu, Larabawa kuma su ce Yunan. Mutanen Finlan Suomi suke cewa, na Hangari kuma Magyar suke kiran kansu. A kan Masar dai mu muka fi Turawa dacewa, don masu ita Misra suke cewa.

Wasu ƙasashen ba su tsaya gyara wa mutane ɗaya bayan ɗaya ba, sai suka sanar da duniya. A 1935 Sarki Reza Shah ya nemi a daina cewa Farisa a koma Iran. A 1957 Gwalkwas ta sami 'yanci ta ɗauki sunan tsohuwar daular Gana. Dahome ta koma Benin a 1975. A 1985 gwamnatin Félix Houphouët-Boigny ta roƙi a daina fassara sunan Kodebuwa zuwa kowane harshe. A 2018 Sarki Mswati na Uku ya mayar da Suwazilan Eswatini. A watan Yunin 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi Türkiye a matsayin sunan Turkiyya, ga shi dama tsohon sunan da Turanci ɗaya yake da sunan talotalo.

Wanda ya fi ba da sha'awa shi ne na maƙwabtanmu. A ranar 4 ga Agustan 1984 Kyaftin Thomas Sankara ya soke sunan Bolta ta Sama da Faransawa suka bari, ya ce Burkina Faso. Burkina daga yaren Mosawa ne, yana nufin masu gaskiya da mutunci. Faso daga yaren Jula ne, wato gidan uba. Ɗan ƙasar kuma Burkinabe ake ce masa, ƙarshen kalmar daga Fillanci, irin wanda ke cikin Fulɓe. Suna ɗaya, an ba manyan harsuna uku rabonsu. A kudancin Afirka kuma, mutum ɗaya daga Botsuwana Motswana ne, in suna da yawa Batswana. Ka ga su "Ba" na jam'i ne, mu kuwa na mutum ɗaya, kamar Bahaushe da Bakano.

Najeriya da Nijar duk daga sunan kogi ɗaya suka fito, kogin da mu muke ce wa Kwara, Zabarmawa kuma su ce Isa. Wata 'yar jarida Baturiya, Flora Shaw, wadda daga baya ta auri Gwamna Lugga, ita ta kawo shawarar sunan Najeriya a jaridar Times ta Landan a 1897.

To mu dawo gida, don a nan amfanin maganar yake ga mai zuwa kasuwa. Waɗanda muke ce wa Fulani, Fulɓe suke kiran kansu, mutum ɗaya Pullo. Barebari Kanuri ne. Buzaye kuwa Kel Tamashek, wato masu magana da Tamashek. Mu ma ba mu tsira ba, Kanuri suna ce mana Afuno, Yarbawa su ce Gambari, a Sudan da Makka kuma a haɗa mu da sauran mutanen yamma a ce Takari. Wasu sunayen ba komai a cikinsu, har wasan taubasantaka ake yi da su. Wasu kuwa suna da ƙaiƙayi. Kalmar Inyamuri, bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne daga maganarsu ta neman ruwan sha aka samo ta, kuma masu ita ba sa so, Igbo suke kiran kansu. Kai da ka taɓa kai shanu ko albasa Kurmi, ka san yadda kake ji in wani ya ɗaga murya ya ce maka "Aboki" da sigar raini, alhali kalmar taka ce kuma mai daɗi. To haka shi ma yake ji. Mutumin da kake so ya ba ka kaya bashi, ko ya riƙe maka amana, bai kamata ka fara da sunan da ke ɓata masa rai ba. Suna linzami ne, in ji masu iya magana.

Ka ga inda takardun biyu suka haɗu. Baƙon da ya tambayi dokar gida, ya kuma tambayi sunan da mai gida yake so, ya rage wa kansa wahala mai yawa. Ba a ce ka yar da addininka ko kunyarka don ka shiga ruwan wani ba, in dokarsu ba ta yi maka ba sai ka tsaya a tudu da mutuncinka. Amma ka bincika tukuna, ka rarrabe dokar da ta hau kan kowa da wulaƙancin da aka nufe ka da shi kai kaɗai, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko bi ake yi ko a kauce, na biyu kuwa ƙara ake kaiwa, kuma a ƙasashen nan akwai ofisoshin da ke karɓar ƙarar nuna bambanci. Matambayi dai ba ya ɓata.

Alhaji na Maraɗi, a gaida mana ɗalibi, Allah ya ba shi sa'ar karatu ya dawo da abin da zai amfani gari. Malam na Jibiya, Allah ya tsare hanya, ya sa motar ta yi albarka. Sauran masu takardu ku ƙara haƙuri, suna nan a jaka za mu zo kansu. Mai rubuto mana ya riƙa sa sunan garinsu, ya kuma yi rubutu mai karantuwa.